Mai Gyaran Wuta da Zaman Kansa: Yadda Ake Farawa da Yadda Ake Tsallake Damina a Arewacin Kamaru

Cikin watan Maris na bar maigidana. Duk wanda ya san Garwa ya san Maris: rana na dukan kwano tun hantsi, zafi ya haura digiri 40, kowa na neman iska da ruwan sanyi. Wayata ba ta hutawa. Wannan fankarsa ta daina gudu, wancan firjinsa ya ƙone da aka dawo da wuta, wani kuma ya sayo na'urar sanyaya ɗaki yana son a ja mata layi. Na ɗauka haka shekara za ta tafi, har na kama hayar shago a bakin titi. Da Agusta ta shigo sai na yi mako uku babu wanda ya kira ni, ko da canza ƙwan fitila. Ranar da na ɗauki injina na huda bango na sayar a rabin kuɗinsa don in biya haya, ranar na gane cewa aikin wuta na koya, ban koyi zaman kaina ba.

Ƙanena, rashin aiki a sana'armu ba faɗowa yake daga sama ba. Yana da watanninsa, kamar yadda hunturu da bazara ke da nasu. Wanda ya san watannin yakan shirya musu tun kuɗi na shigowa. Kusan duk abin da zan gaya maka a nan, daga kan wannan ya taso.

Ka rabu da maigida lafiya

Kada ka sulale. Ka je gida ka same shi, ka zauna, ka ce: "Baba, ina neman izini da albarka, ina so in gwada tsayawa da ƙafata." In akwai babba a danginku, ku je tare. Ban da ladabi, akwai amfanin da za ka gani da idonka. Shekararka ta farko, yawancin aikin da za ka samu ragowar nasa ne: ƙananan gyare-gyaren da ba shi da lokacinsu, da ranakun da ya kama babban gini yana neman ƙarin hannu. Kuma kada ka bi gidajen da ya kai ka kana cewa kai za ka yi musu a rahusa. Garuruwanmu ƙanana ne, kafin la'asar maganar ta isa kunnensa.

Kafin ka tafi, ka tambayi kanka gaskiya. Za ka iya kallon gida mai ɗaki huɗu ka lissafa waya nawa zai ci, ba tare da ka buga wa kowa waya ba? Za ka iya haɗa allon raba wuta daga farko har ƙarshe? In dijontar, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala, na faɗuwa kullum, za ka iya bin layi ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda cutar take? In amsar ɗaya daga ciki "a'a" ce, ka ƙara wata shida. Lokacin fita kuma ka zaɓe shi: Nuwamba ko Disamba, lokacin da amfanin gona ya shigo, gini ya tashi, kana da wata shida na aiki a gabanka. Wanda ya fita a Yuni ya fita cikin yunwa.

Kayan aiki

Ba sai ka tara komai ba. Filaya biyu, mai riƙo da mai yanka, sukundirebobi masu rufin roba da aka rubuta 1000 V a jikinsu, guduma da ƙarfen sassaƙa bango, tef ɗin awo, igiyar jan waya cikin bututu, tocila ta goshi, tsani na katako, da takalmi mai ƙasan roba. Injin huda bango da na yankan bango ana iya haya har ka samu naka.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi masa tsimi ba: na'urar auna wuta ta hannu, multimita. Tasta mai ɗan haske a gindi takan yi ƙarya, ta haska inda babu haɗari, ta yi shiru inda wuta take, musamman in kana kan tsani da rana. Ka saba da gwada na'urarka a soket mai wuta, sannan ka auna layin da ka kashe, sannan ka sake gwada ta. In ka samu hali ka ƙara da mai baki irin na filaya, wadda ke auna amfiya ba tare da an yanke waya ba. Da ita za ka nuna wa mai gida, ido da ido, abin da ke cinye masa wuta.

Shago kuwa ka jinkirta. Mai gyaran wuta a gidajen mutane yake aiki. Babur, jakar kaya da lambar waya guda ɗaya da ba ta canzawa sun fi maka shago a shekara biyun farko.

Takardu

Da yawa daga cikinmu na gudun ofis, alhali rashin takarda ne ke hana mu aikin makarantu, asibitoci da ƙungiyoyin agaji, waɗanda ba sa biya sai da rasit mai lambar haraji. Ka fara da NIU, lambar mai biyan haraji. Daga nan ka je ofishin haraji na yankinka ka faɗi gaskiyar abin da kake samu, su gaya maka ajin da ka faɗa. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Chadi duka ke bi, tun gyaran da aka yi mata a 2010 ta tanadi matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a: bayyana sana'arka kawai za ka yi a ofishin magatakardan kotu, ba sai ka kafa kamfani ba. In ka girma kana son rajistar kamfani sosai, cibiyar kafa kamfanoni ta CFCE ce ke haɗa takardun a wuri ɗaya. Ka kuma shigar da sunanka cikin rajistar masu sana'ar hannu a ƙaramar hukumarka. In kana da CAP na lantarki, wato takardar makarantar fasaha, ko takardar shaidar koyon sana'a, ka yi musu kwafi ka adana.

Akwai wanda nake roƙonka kada ka raina. Tun 2014 hukumar fansho ta CNPS ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu su riƙa zuba kuɗin fansho da kansu. Sana'ar hawa tsani ce da shiga rufin kwano da tsakar rana. Gwiwa da ido ba za su kai ka shekara saba'in a kanta ba.

Debi, da yadda ake karɓar kuɗi

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Kada ka taɓa faɗin kuɗin aiki a tsaye. Ka zagaya gidan tare da mai shi, ɗaki ɗaki, da alli a hannunka, kana sa alama a bango: nan soket, nan fitila, nan makunni. Ka tambaye shi abin da zai saka yau da abin da yake burin sakawa nan da shekara biyu, firiza ce, na'urar sanyaya ɗaki ce, ko injin jan ruwa. In da hali a tambayi uwargida inda take son soket a kicin, domin ita ce za ta zauna da shi. Sannan ka ce: "Alhaji, gobe in sha Allahu zan kawo maka debi." Debi shi ne takardar ƙiyasin kuɗin aiki. Ka bi shagunan kayan wuta biyu ko uku ka ji farashin ranar, ka rubuta.

Debin ya rabu uku a fili: kuɗin kaya, kowane abu da adadinsa da farashinsa, ladan hannu, da sufuri in wurin da nisa. Ladan hannu a gini sabo ya fi sauƙi a lissafa shi da baki, wato kowane soket, fitila ko makunni baki ɗaya, allon raba wuta da aikin sandar ƙasa kuma daban. A gyara kuwa ka sa kuɗin zuwa da bincike daban da kuɗin gyaran, domin gano cutar shi ne aikin, ko da ɗaure ƙusa ɗaya ya warkar da ita. Ka rubuta kwafi biyu, ka sa kwanan wata, ka rubuta cewa farashin kaya na mako biyu ne kacal. Takarda da Faransanci take tafiya a nan, amma ka karanta masa ita da Hausa ko Fillanci, layi layi, kafin kowa ya sa hannu.

Gidajenmu ba a gama su a shekara ɗaya. Mutum zai ɗaga bango bana, ya yi rufi baɗi, ya yi shafe in Allah ya hore. Saboda haka ka raba aikin gida biyu, kowanne da nasa debi: na farko sassaƙa bango da binne bututu da akwatuna kafin shafe, na biyu jan waya da ɗaura kaya. In ka haɗa su a farashi ɗaya, za ka zo bayan shekara biyu kana aikin yau da kuɗin da ka riga ka cinye.

Kuɗin kaya a ba ka duka kafin ka fara, ko ku je shago tare ya biya da hannunsa. Kada ka zuba kuɗinka a bangon wani, kada kuma ka ɗauko kaya bashi da sunanka. Na taɓa yi wa wani mai gini haka, ya ce kuɗinsa na hanya. Wata takwas ina biyan mai shago daga guminmu ni da yarona, mai ginin kuma ya daina ɗaukar wayata. Ladan hannu a raba shi uku: kashi ɗaya ranar farawa, ɗaya a tsakiya, na ƙarshe ranar da aka kunna aka gwada a gabansa. In aka ƙaro aiki a tsakiya, ka faɗa nan take cikin ladabi: "Alhaji, wannan ƙari ne, bari in rubuta shi a ƙasa." Kunya ta minti ɗaya ta fi rigimar wata guda. Biya ta Orange Money ko MoMo na da amfani, saƙon na zama shaida, amma ku daidaita tun farko wa zai ɗauki kuɗin cirewa.

'Yan'uwa da surukai za su kira ka, kuma za ka je. Ka yafe ladan hannu in ka ga dama, amma kaya su saya.

Abin da ke cikin bango

Mai gida na ganin fenti, yana ganin tayil, amma aikinmu a binne yake. Amana yake saya a wurinka. Ƙa'idar da ake koyarwa a makarantun fasaha, wadda ta samo asali daga ta Faransa, NF C 15-100, a sarari take: waya mai kaurin 1.5 ta fitilu, 2.5 ta soket, 6 ta murhun lantarki, na'urar sanyaya ɗaki kuma da layinta da dijontar ɗinta ita kaɗai. Shuɗiya ta nutur ce, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, mai kore da rawaya ta ƙasa, ja ko ruwan ƙasa mai ɗauke da wuta. Makunni kullum a kan mai wutar yake, ba a kan nutur ba. Ka riƙe launukan ko da babu mai duba ka, saboda wanda zai buɗe akwatin bayan shekara goma.

Kasuwa cike take da waya ta jabu, wadda aka rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba, ko alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da wuƙa: in fari ya fito a ciki, ajiye ta. Ka kuma ɗora ta a sikeli. Jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na waya 2.5 shi kaɗai ya haura kilo 2, ban da robar da ke jikinsa. Naɗin da bai kai haka ba, ƙarya aka rubuta masa. In mai gida ya dage sai mai araha, ka nuna masa biyun a hannu, ka tuna masa araha ba ta ado. In ya ƙi, gara ka bar aikin. Ranar da gobara ta tashi ba za a ce waya ce ba, za a ce wane ne ya yi wutar gidan.

Abu biyu kuma da ake yawan tsallakewa don ba a ganin amfaninsu sai ranar masifa: sandar ƙasa, da dijontar mai jin yoyon wuta na miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta kafin ta kashe wanda ta kama. Ƙasarmu na bushewa ƙayau da rani, don haka ka kafa sandar da zurfi a inda ke da laima. Ka lura kuma da kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Mubi da Yola: kan filoginsu mai ƙafa uku ne masu kusurwa, soket ɗinmu kuwa na ƙafa zagayayyu ne. Mutane na cusawa da ƙarfi ko su sa ɗan adafta mai sako-sako, nan zafi ke farawa. Canza kan filogi aiki ne na minti biyar, kuma yana hana gobara.

Ka san shekararka

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuɗi ke hannun mutane. An girbe masara da gyaɗa, ana auna auduga ana jiran kuɗin kamfanin auduga na Sodecoton, albasa na fitowa a yankin Marwa. Lokacin gini ne da aure, lokacin manyan ayyukanka.

Daga Maris zuwa Mayu zafi ne ke ba ka aiki. Jihohin arewa uku, Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, layin wutarsu ɗaya ne, kuma ginshiƙinsa madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. In rani ya yi nisa ruwan tafkin na ja baya, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firji. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, megawat 30 a haɗe da farko, amma buƙata na ta ƙaruwa. Wannan ne lokacin janareta, sola da gyaran abin da ɗaukewa da dawowar wuta suka ƙona.

Daga Yuni ruwa ya sauka sosai. Gini ya tsaya, kuɗi ya koma gona, taki da maganin ciyawa. Agusta rumbu ya yi ƙasa, Satumba kuma kuɗin makaranta ya cinye sauran. Waɗannan watanni biyu su ne ramin. Ka ɗora azumi da Sallah a kan wannan lissafin, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: gab da azumi masu ƙanƙara da firiza na nemanka, gab da Babbar Sallah kuwa kuɗin kowa na wurin rago.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Nuwamba zuwa Mayu, duk ladan hannun da ya shigo ka raba shi: na gida, na kayan aiki da man babur, da na damina. Na daminar ka kai shi inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, adashin da za ka kwasa a Agusta, ko ka sayi buhunan masara da dawa lokacin girbi ka ajiye. Magidancin da ke da abinci a ɗaki ba ya karɓar aikin wulaƙanci.

In waya ta yi shiru

Fara da littafinka. Tun ranar farko ka riƙa rubuta kowane gida da ka yi wa aiki: suna, unguwa, lamba, abin da ka yi, da abin da ka gani zai lalace nan gaba. A cikin murfin kowane allon wuta ka rubuta sunanka da lambarka da alƙalami mai kauri. In damina ta zo, ka ɗauki littafin ka bi su, gida biyar a rana. Ba roƙon aiki ka je ba, gaisuwa ce da duba aikinka. Ka yi sallama, in maigidan ba ya nan ka kira shi ya ba da izini, kada ka shiga cikin iyalin mutum don kawai an saba da kai. Ka buɗe allon, ka ƙara ɗaure ƙusoshin da zafi ya sassauta, ka danna maɓallin gwaji na dijontar mai jin yoyo. Damina da kanta na kawo cuta: ruwa na bin rufi ya shiga akwatin haɗi, bango mai laima na jan yara, tsawa na ƙona talabijin da inbata. Sau da yawa a wannan zagayen za ka ji an ce, "Yauwa, da ma muna neman ka."

Sannan ka duba waɗanda sana'arsu ba ta sanin damina: masu injin niƙa, masu walda, gidajen burodi, masu ƙanƙara, teloli, kantunan magani da ƙananan asibitoci masu firjin ajiye magani. Injin niƙa mai layi uku na 380 yakan ƙone in layi ɗaya ya ɗauke ya ci gaba da juyawa a kan biyu. Ka nuna wa mai shi kuɗin sake naɗa wayar motar da ke juya injin, ka nuna masa kuɗin ɗan abin kariya da ke kashe ta in layi ya ɓace, zai zaɓa da kansa. Mai firiza ka sa masa abin da ke jinkirta kunnawa na 'yan mintoci bayan an dawo da wuta. Irin waɗannan mutane ka nemi ku ƙulla yarjejeniyar wata wata: kana zuwa sau ɗaya ka duba, in an kira ka kuma su ne farko. Ko kaɗan ne, kuɗi ne da ke zuwa a Agusta kamar yadda yake zuwa a Maris.

Makarantu na gyara kafin komawa a Satumba, don haka Yuli ake zuwa wurin shugaban makaranta, da debi da lambar haraji a hannu. Masu ɗakunan hayar ɗalibai a Dang, kusa da jami'ar Gaundare, da na kewayen jami'ar Marwa, su ma suna gyara kafin ɗalibai su dawo. Masallacin unguwarku kuwa ka duba masa fankoki da lasifika saboda Allah.

Ka riƙe magina, masu aikin famfo, kafintocin rufi da yaran shagunan kayan wuta. Magini ne ke fara sanin wa zai yi gini bayan damina, mai shago kuma kullum ana tambayarsa, "Ka san mai gyaran wuta na kirki?" Ka tura musu aiki su ma. Hoton allon da ka haɗa tsaf, in ka ɗora a WhatsApp da izinin mai gida, ya fi dogon talla.

Sola ita ce ƙofar da ta fi faɗi, musamman a ƙauyukan da layi bai kai ba. Ranar kasuwa, irin ta Fitowa ran Lahadi, za ka haɗu da masu cajin waya da masu shaguna daga ƙauyuka da dama a wuri ɗaya. Yawancin kayan da aka ɗaura musu ba lalacewa suka yi ba, lissafin ne ba a yi ba tun farko. A ce gida na da fitila 6 masu wat 10 na awa 6, wat-awa 360 ke nan. Fanka 2 masu wat 50 na awa 8, 800. Talabijin mai wat 60 na awa 4, 240. Jimla 1400. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 na ɗauke da 2400, amma in na dalma ne rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe, wato 1200. Ka ga guda ɗaya bai isa ba. Faranti kuwa, ka raba 1400 da awa 5 na rana mai ƙarfi, ka ƙara na asarar zafi da ƙura, za ka tsaya wajen wat 400. Farantin ya kalli kudu da ɗan karkata, a riƙa wanke shi da hunturu, batir kuma a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, domin zafi na rage masa kwana ƙwarai. Wanda ya iya wannan lissafin a gaban mai gida, da biro da takarda, ya bambanta da mai ɗaura faranti kawai. In aikin ya kai ka yankunan iyaka na Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga ko Logon da Shari, ka tambayi mutanen wurin halin hanya, ka sanar da lawan ko jauro zuwanka, ka dawo da rana.

Ranakun ruwa kuma ba na kwanciya ba ne. Tebur ɗaya a zaure ya isa gyaran fanka, dutsen guga da fitilun caji. Fankar rufi da ta rage gudu, sau da yawa kondansatar, ɗan abin da ke taimaka mata tashi da juyawa, ce kawai ta gaji. In akwai mai naɗin motar inji a garinku, ka je ka zauna wurinsa wata biyu ka koya. Ka leƙa ofishin FNE, hukumar samar da aikin yi, ka ji horon da ke akwai. In kuma maigidanka ko wani kamfani na neman hannu na yini, ka je. In kana da gona, ka noma ta.

Abin da yunwa za ta raɗa maka

A watannin nan ne za a zo maka da maganar mita. Wani zai ja ka gefe ya ce kuɗin wuta ya yi masa yawa, ka ɗan taɓa masa kontar, wato mitar, ko ka ja masa waya ta bayanta. Kuɗin a hannunsa yake, kai kuma aljihunka babu komai. Ƙanena, kada ka yi. Mita da abin da ke gabanta na kamfanin wuta ne, wanda wasu ke ce wa Eneo, tsofaffi kuma har yau Sonel suke cewa. Aikinka daga bayanta yake farawa. Laifi ne a doka, haram ne a addini, kuma wayar sata ba ta da dijontar da zai kare ta, ita ce ke cin gida da dare. Ranar da aka kama shi, sunanka zai fara faɗa. Haka nan wanda zai ce ka haɗa masa janareta kai tsaye da soket ba tare da makunnin sauya layi ba: wutar na komawa kan falwaya, ta kashe ma'aikacin da ya hau yana zaton layin a kashe yake.

Amma kada ka sallame shi hannu wofi, domin kukansa gaskiya ne. Ka ce masa: "Malam, wancan ba na yi, amma bari mu ga abin da ke cin wutar." Ka ɗauko na'urarka mai baki, ku kunna kaya ɗaya bayan ɗaya yana kallon lambar. Za ku tarar da tsohuwar firiza da robar ƙofarta ta saki, ko hita da ake bari a kunne, ko layin da maƙwabci ya ja shekarun baya aka manta da shi. Ko fitilu kaɗai ka duba. Gida mai tsofaffin ƙwai 10 na wat 60, in aka maye su da na zamani masu wat 9, kowanne ya rage wat 51. A awa 6 kowane dare, cikin kwana 30, ya haura kilowat-awa 90 a wata. Ka rubuta masa lissafin a bayan takardar kuɗin wutarsa, ka canza ƙwan, ka gyara robar firizar, ka ce wata mai zuwa za ka dawo ku duba sabuwar takardar tare.